Kalmar da Na Jefi Idi Direba da Ita

Batsari,
Talata, bayan azahar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya tsare ka a gida da hanya, Ya sa ka fita lafiya ka isa lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Na san za ka yi mamaki, a ce muna kwana gida ɗaya, tuwonmu daga tukunya ɗaya yake fitowa, amma ina rubuto maka wasiƙa kamar kana Legas. Ka yi haƙuri da ni. Shekara talatin da ɗaya na yi ina surutu a gaban allo, amma maganar yau bakina ya ƙi ɗaukarta, sai alƙalami. Wannan ma aibina ne, za mu zo kansa.

Mahaifiyarka ta gaya mini jiya ka kwance jakar da ta ɗaure maka. Ta ce har takardar shiga makarantar koyon aikin lafiya ka fito da ita ka ajiye a bisa taga. Ban tambaye ta dalili ba, don na riga na ji. An ce a majalisarku ta gindin darbejiya, abokinka Sabi'u, wanda ya shiga aikin sa-kai na tsaron gari bara, ya dube ka ya ce, "Ɗan Ticha za ya gudu birni ya bar mu da daji. Matsoraci." An ce sauran suka yi dariya, kai kuma ka tashi ka bar wurin. Motar Katsina jibi Alhamis ya kamata ka shiga, ranar Juma'a kuma ake rufe rajista. In ta tafi ba kai, ka rasa gurbin nan, kuma kalma ɗaya ce ta raba ka da shi. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan.

Kalmar nan na fi Sabi'u saninta, don da ita na ci abinci. Kowace shekara akwai darasin da nake ji da shi a aji uku na ƙaramar sakandare, darasin sunayen da Bature yake ba mai tsoro. Yana da su da yawa, kamar yadda Bafulatani yake da sunayen launin saniya. Akwai cautious, mai taka-tsantsan, wanda ke dubawa kafin ya taka, wannan yabo ne ma. Akwai timid, mai noƙe-noƙe, wanda ko sunansa aka kira sai gabansa ya faɗi, tausayi ya fi zagi yawa a cikinta. Akwai coward, shi ne matsoracinmu, wanda ya san abin da ya kamata ya yi amma tsoro ya riƙe masa ƙafa. Akwai spineless, wai mutum ba shi da ƙashin baya, duk inda aka tanƙwara shi sai ya tanƙwaru. Sai craven a can ƙarshe, wanda tsoro ya kai shi ga ƙasƙanci, har ya iya tsayawa yana kallo wani ya ɗauki laifin da yake nasa. Yara dai sun fi son chicken, don da na ce masu Turawa kaza suke kiran matsoraci, sai aji ya kaure da dariya, wani ma ya yi kukan kaza daga baya.

Nakan jera su a kan allo daga mai sauƙi zuwa mai muni, in ba da labarin wani mutum, in ce su zaɓa masa wadda ta dace da shi. Duk yaron da ya kira mai taka-tsantsan matsoraci, sai in ja masa jan layi. A aji ban taɓa rikita su ba. A bakin hanya na rikita su, kuma ba ni na ɗanɗana kuɗar kuskuren ba.

Ka san Baba Idi mai tebur na bakin tasha, mai sanda da ƙafa ɗaya, wanda tun kana firamare yake miƙa maka alewa in mun wuce. Kai a haka ka fi saninsa. Ni na san shi da ƙafa biyu, yana jan farar a-kori-kura tsakanin Runka da Batsari, kuma ba direban da ake rububin motarsa kamar shi, saboda ba ya gudu, ba ya faɗa, ba ya yi wa tsoho tsawa. An gaya maka 'yan bindiga ne suka harbe shi, kuma gaskiya ne. Abin da ba a gaya maka ba shi ne wanda ya tura shi gabansu.

Shekara goma ke nan. Lokacin ina koyarwa a Runka, ina kwana can ranakun aiki, ku kuna nan Batsari. Hanya ta fara lalacewa, ko da yake ba ta kai yadda take yanzu ba. Direbobi suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ko'ina ba, suna ce mata sauraren hanya. In mota ta cika ta fito gari, sai a tsaya gindin wata tsamiya, a kashe inji, a jira. Ba a wucewa sai an ga wani ya fito daga cikin hanyar, ko ɗan acaɓa, ko mai jaki, ko matan Fulani da ƙoren nono, a tambaye shi yadda ya baro baya. In ya ce lafiya lau, a tayar. In ba wanda ya fito, ba a shiga, ko da za a wuni a wurin.

Ran nan ranar kasuwar Batsari ce, gab da kaka, dawa ta fi mutum tsawo. Ana taron bankwana da wani babban jami'in ilimi da ya ajiye aiki, kuma cikin duk malaman yankin ni aka zaɓa in karanta jawabi da Turanci. Kwana huɗu na yi ina gyara jawabin nan. Na ɗinka sabuwar shadda saboda shi. Ka lura da wannan, Abba: ba mara lafiya nake kai wa asibiti ba, ba jana'iza nake sauri ba. So nake a tafa mini.

Na zauna gaba, tsakanina da Idi akwai surukinsa, wani dattijo Malam Barau, mahaifin matarsa. Baya kuma 'yan kasuwa ne da buhuna da awaki. Muka tsaya gindin tsamiya. Rabin awa ta wuce, awa ta cika. Idi ya sauka ya tsaya tsakiyar hanya yana kare ido da tafin hannu, ya dawo, ya sake sauka. Ni kuwa ina ta duba agogo, zufa tana ɓata mini wuyan riga.

Na leƙo na ce, "Idi, wai mi muke jira?"

Ya ce, "Malam, hanyar ga ba ta yi mani ba. Yau kasuwa, 'yan acaɓan da suka kai lodin farko ya kamata a ce sun dawo tuntuni. Ko guda ban gani ba. Matan rugar can ma da ke tsallakawa da nono, yau shiru."

Na ce, "Yo in sun samu fasinja a can suka tsaya fa?"

Ya ce, "Duka-dukansu, Malam?"

Ya fi ni gaskiya, kuma abin da ya ƙona mini rai ke nan. Direba ya ƙure malamin makaranta a gaban mutane. Sai na fito daga motar, na gyara riga, na ɗaga murya yadda na baya za su ji. Na fara jifansa da kalmar da Turanci, don ya san wa yake magana da shi, sannan na juya ga fasinja na fassara masu kamar ina aji. Na ce irin wannan Turawa ke kira kaza, ya ga inuwar shaho ya shige ƙarƙashin rumbu. Na ce da mun sani da mun shiga motar namiji. Aka kwashe da dariya, don kowa ya gaji da zama, kuma dariya ta fi jira daɗi.

Idi bai zage ni ba. Ya dubi tsohon da ke zaune a gaba, ya dube ni, ya ce a hankali, "Malam, a gaban surukina?" Ya shiga ya murza makulli.

Na san surukinsa ne. Na san a ƙasar nan mutum zai iya haɗiye zagi a gaban kowa, amma ban da gaban wanda ya ba shi 'ya. Da saninsa na zaɓi wurin da zan soka. To ga nasiha ta farko, kuma ba a littafi na karanto ta ba. In ka ga wanda ya san aikinsa ya tsaya, kada ka ce tsoro ne, tambaye shi abin da ya gani. Wanda ya ce maka matsoraci kuma, ka duba ko yana da taron da yake sauri. Sau da yawa mai faɗin kalmar nan ba halinka yake bayyanawa ba, so yake ya motsa ka zuwa inda shi yake so. Kuma za ka koyo Turanci mai yawa a makarantar nan, na likitoci ma, wanda ni ban iya ba. Kada ka taɓa ɗaga shi a kan mutumin da bai iya ba don ka rufe masa baki.

Ba mu yi tafiyar minti goma sha biyar ba. Daidai wata kwalbati inda hanya ta yi kwana, dawa ta rufe hagu da dama, sai ga babura a gicciye da mutane riƙe da bindigogi. A gefe na hango 'yan acaɓan da muke jira, an kwantar da su rubda ciki. Idi ya taka birki, ya murɗa sitiyari ya gicciye motar ta yadda ɓangarensa ne ya fuskance su, namu ya fuskanci gona. Ya ce, "Ku dira ku shiga dawa! Malam, ja mani Baba!"

Na buɗe ƙofa na dira, na ranta a na kare. Ban ja Malam Barau ba. Idi ne ya tsaya ya turo tsohon ta ƙofata, kuma a wannan tsayawar harsashi ya ratsa ƙofa ya same shi ƙasa da gwiwa. Ni ina cikin dawa, takalmi ɗaya, hula ta tafi, jawabin kwana huɗu ban san inda ya faɗi ba. Na kwanta a kunyar gona ina jin bugun zuciyata a kunne, na kasa ko kawo addu'a ɗaya cikakkiya. Sabuwar shaddar nan mahaifiyarka ce ta wanke ta, kuma har yau ba ta tambaye ni abin da ya jiƙa wandon ba. Allah Ya saka mata da alheri.

Gudun nan ba na jin kunyarsa. Kowa ya gudu, kuma Idi da kansa ya ce a gudu. Wannan tsoro ne tsagwaronsa, na jiki, wanda Allah Ya sa wa duk mai rai, bai shiga cikin jerin da nake rubutawa a allo ba. Za ka gamu da shi, wataƙila ranar da aka fara shigo maka da mutum jina-jina. Kada ka yanke wa kanka hukunci a kansa. Abin da nake so ka koya daga gudun nan ɗaya ne: an kira sunana an ba ni aiki ƙarami, in kama hannun tsoho, kuma tsoro ya toshe mini kunne. In ya zo maka, ka bar shi ya kama gwiwa da ciki, amma ka bar kunnenka a buɗe.

Yawancinmu mun tsira. An tafi da 'yan kasuwa biyu, sai bayan makonni suka dawo a rame. An ƙone motar. Idi ya ja jiki ya shige kwalbati, ba a gan shi ba sai bayan la'asar. Mutanen da suka tsince shi sun ɗaure masa ƙafa da igiyar akuya, da kyakkyawar niyya, amma ba wanda ya san yadda ake yi ko tsawon lokacin da ake bari. Kafin a kai shi Katsina ƙafar ta mutu, sai yankewa aka yi.

Da a nan labarin ya tsaya, da na iya gaya maka shi da baki. Saura ne mai nauyin.

Bayan wata biyu, da aka sallamo shi, manyan direbobi suka zauna a kansa ƙarƙashin rumfa. Al'adarsu ce, direban da tsautsayi ya faɗa wa a bakin aiki ba a yar da shi, sukan nema masa wurin zama a tasha, ya riƙa kula da lodi, su kuma shiga tsakaninsa da mai mota. Amma wanda ya karya sauraren hanya da gangan, sukan cire hannunsu daga lamarinsa, don ya zama darasi ga na baya. Suka aiko a kira ni, tunda ni ke zaune gaba. Malam Barau bai zo ba, tun ranar yake kwance a ƙauye, kuma bai ga damina ta gaba ba. Fasinjan baya kuwa kowa ya kama gabansa, kuma wanda ya yi dariya ran nan ba ya son a tuna masa.

Babbansu ya tambayi Idi, "Wa ya fito maka daga hanya?"

Ya ce, "Ba kowa."

"To mi ya sa ka shiga?"

Ya ce, "Ni na ga dama."

Sai dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ke gaba, kuma kai ne mai ilimi a cikin motar. Ko akwai abin da ba mu sani ba?"

Idi yana zaune a kan benci, sandarsa a jingine, idonsa a ƙasa. Bai dube ni ba, bai roƙe ni ba. Jimla ɗaya ce ake bukata daga gare ni, kuma na san ta da Hausa da Turanci. Sai na hango yadda za a ɗauki maganar daga tasha zuwa makaranta, daga makaranta zuwa masallaci, a ce Ticha Lawal ne ya jefa mutane hannun 'yan bindiga saboda jawabi. Na yi gyaran murya na ce, "Wallahi, ƙaddara ce kawai. Allah Ya kiyaye gaba." Kowa ya ce amin. Na ɓuya a bayan sunan Allah, kuma ba wanda ya isa ya biyo ni can ya jawo ni.

Suka cire hannunsu. Daga nan maganar gari ta zama Idi kwaɗayin lodin kasuwa ne ya rufe masa ido. Dangin mutanen nan biyu da aka ɗauka suka daina gaishe shi, wasunsu har yau. Mutumin da ya fi kowa taka-tsantsan a hanyar nan ya zama shi ake ba sababbin direbobi misali da shi in ana maganar ganganci. Kalmar da nake ajiyewa a can ƙarshen allo, wadda nake gaya wa yara da wuya su gamu da mai ita, a ranar na ga ta yi mini daidai kamar an auna. Ban daina koyar da darasin ba, amma na daina kawo misali a kanta.

Nasihata a nan ba ta da ado. A aikin da za ka shiga, wata rana za a yi kuskure a kan mara lafiya, naka ko na wanda ya fi ka, a tara ku a ce, ko akwai abin da ba mu sani ba? Za ka ji wata amsa mai santsi ta zo maka bakin harshe, wadda ba ƙarya ba ce, kuma ba gaskiyar da aka nema ba ce. Ka tofar da ita. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita, amma ba a ba mu ita don mu lulluɓe hannunmu ba. Kuma ka faɗi abin a zaman farko, domin ni na ce bari ƙura ta lafa in same su daga baya, ga shi shekara goma ban same su ba.

Me na yi a shekara goman? Na sayi goro. Kai shaida ne ba na cin goro, yana tayar mini da ciki, amma ba makon da zai wuce ban tsaya teburinsa na saya ba. In ya yi mini sannu da zuwa in amsa da fara'a, mu yi maganar ruwa da tsadar taki, in wuce. Da salla ina sa mahaifiyarka ta aika masu da nama. Ita rabin labarin ta sani, rabin da na fito da kyau a cikinsa. Duk wannan na sa masa suna kunya. Nakan ce wa kaina tayar da maganar zai fama masa ciwo, gara a bar ta. Wata rana yana ƙulla mini goron sai ya ce, "Malam, kai da ba ka ci, wa kake kai mawa ne haka?" Ya faɗa yana murmushi. Na ce baƙi nake yawan yi. Ya ce, "To, Allah Ya ƙaro baƙi." Ran nan da na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Ban san dalilin da ya sa bai taɓa faɗa ba. Wataƙila a ganinsa cewa an tunzura shi da baki ya fi masa ciwo a kan a ce ya yi ganganci. Wataƙila kuma ni yake jira. Abin da na sani shi ne kunya ta gaskiya wani take karewa, tawa kuwa ni take karewa. In ka rasa gane wace ce ta kama ka, ka tambayi kanka wa zai ji daɗi in ka yi shiru. Mu nan mun iya sa wa tsoro riguna masu kyau, mu ce kunya, mu ce kawaici, mu ce girmama manya, kuma duka ukun abubuwa ne na kirki in su ne da gaske.

Yanzu mu dawo kan Sabi'u. Kada ka riƙe shi a rai, kuma kada ka raina shi. Yaron nan ya binne yayansa, yana kwana a bakin gari da bindigar toka don mu yi barci, ni ban taɓa yin ko kwatankwacin haka ba. Ciwo ne ya yi magana a bakinsa, da tsoron a watse a bar su su kaɗai. Ka je ka yi masa sallama kafin ka tafi, ko da zai juya maka baya. Amma kada ka ba shi amsa da rayuwarka. Idi amsa ya ba ni da ya murza makullin nan, don ya nuna mini shi ba kaza ba ne, kuma ni da ya nuna wa ban kai a nuna mini komai ba.

Ka kuma yi wa kanka tambayar da nake yi wa yara a aji. Mene ne abin da ya kamata ka yi, kuma mene ne yake riƙe maka ƙafa? Shekara biyu kana neman gurbin nan. Kai ka gaya mini da bakinka, ranar da aka shigo da mutanen ƙauyen Zakka da aka harba a bayan mota ana neman wanda zai tsayar da jini, cewa wannan aikin kake so ka iya. Ba harbin bindiga ne ya sa ka kwance jaka ba, dariyar majalisa ce. To in akwai tsoro a cikin lamarin nan, ba a tafiyar yake ba. Masu riƙe bindiga a yankin nan sun yi yawa, ta kowane ɓangare. Wanda ya san yadda ake ɗaure ƙafa kada ta mutu, shi ne har yau muke nema. Da labarin gurbinka ya kai tasha, Idi ya ce mini, "Malam, ka ce ma yaron ga ya maida hankali wurin ɗaurin jini." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ci gaba da jera batir a tebur.

Ba zan ɗaure maka jakar da hannuna ba, kai ba yaro ba ne. In ka zauna, ɗana ne kai, ba abin da zai canja. Amma raina zai ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, don zan ga kalma ɗaya ta ci mutum biyu a kan idona.

Saura abu guda. Da na fara rubutun nan niyyata in gaya maka labarin ka ɗauki darasi, shi ke nan, in ninke takarda in ci gaba da zamana. Da na kai tsakiya sai na ga ina neman ka yi abin da ni na kasa, kuma ina so in sauke kayana a kan takarda in ce na sauke. Ba kai na yi wa laifi ba. Saboda haka ɗazu, kafin in ƙarasa, na ajiye alƙalami na je na sami biyu daga cikin dattawan da suka yi zaman nan, su kaɗai suka rage da rai. Na roƙe su su zo bakin tasha jibi da safe, kafin motar Katsina ta cika. Sun tambaye ni lafiya, na ce akwai amsar da suka nema a wurina tun tuni, ban ba su ba. Na aika wa gidajen mutanen nan biyu da aka ɗauka. Mahaifiyarka kuma yau zan ba ta ɗaya rabin labarin.

Zan tsaya gaban teburin Idi in faɗi abin da na ce masa a gindin tsamiya, da Hausa, da murya irin wadda na ɗaga ran nan, yadda na baya za su ji. Ban san abin da zai ce ba. Ƙafarsa ba za ta dawo ba, kuma ba dole ne ya yafe mini ba. Ban san kuma da wane ido garin nan zai dube ni daga ranar ba, ko kai kanka. Tun yanzu ka ga ma yadda rubutun nan ya karkace. Ina so ka zo ka tsaya kusa da ni. In ka ji bakina ya fara kauce wa maganar, ka taɓa mini kafaɗa, kada ka ji nauyina. In na gama, sai ka shiga mota.

Allah Ya tsare mini kai daga sharrin hanya da sharrin baki, naka da na mutane. Ya buɗe maka karatu, Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ni kuma ka sa ni a addu'a, jibi zan fi ka bukatarta.

Wassalam.

Mahaifinka,
Lawal